Jiragen faiba a Tafkin Kainji: Danƙon da ran fasinja ya rataya a kansa

Hukumomi a Najeriya na ƙara matsa lamba a kan a sauya jiragen ruwa na katako da na faiba, bayan jerin haɗurran da suka ci rayukan ɗaruruwan mutane a Kogin Kwara. Sai dai masana kimiyyar ƙere-ƙere sun ce ingancin irin wannan jirgi ya dogara ne kacokan a kan wani abu da ido ba ya iya gani, wato yadda roba ta kama zaren gilashin da ke cikinta.

A ranar 26 ga watan Mayun 2021 wani jirgin katako maƙare da fasinjoji ya tsage ya nutse a kusa da garin Wara, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kebbi.

Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, sun ce a ranar farko an nemi mutane fiye da 150 an rasa. Sun kuma ɗora alhakin haɗarin a kan tsufan jirgin da kuma lodin da ya wuce kima.

A watan Oktoban 2023 wani jirgin ya kife da 'yan kasuwa a yankin Yauri. A watan Satumban 2025 kuma wani ya ci karo da kututturen itace a ƙaramar hukumar Borgu ta jihar Neja, inda mutane da dama suka riga mu gidan gaskiya.

Bayan kowane haɗari magana ɗaya ce ke sake tasowa. A shekarar 2025 ministan harkokin ruwa, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga gwamnatocin jihohi da su kawar da jiragen katako daga jigilar fasinjoji, su maye gurbinsu da na faiba ko na alminiyam. Ita ma hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, ta rarraba rigunan kariya da jiragen faiba a wasu garuruwan bakin kogi.

Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce: mene ne faiban, kuma me ke sa wani jirgin ya yi shekaru da dama yana aiki, wani kuma ya fara ɓamɓarewa kafin a gama biyan kuɗinsa?

Tafkin da ya zama babbar hanya

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1964, aka kammala a 1968. Ruwan da aka tare ya haifar da tafki mai tsawon kilomita kusan 135, wanda ya miƙa daga bakin madatsar har zuwa wajejen Yelwa, fadar masarautar Yauri.

Kimanin mutane 44,000 aka tayar daga garuruwansu. Tsohon garin Bussa ya shige ƙarƙashin ruwa, haka ma tsibirai da dama na Gungawa.

Tun daga lokacin tafkin ya zama hanya. Ga mutanen Yauri da Ngaski da Shanga da takwarorinsu na Agwara da Borgu a ɗaya gaɓar, jirgi shi ne motar zuwa kasuwa, shi ne hanyar gona, shi ne kuma ke kai mara lafiya asibiti. Masunta, Sarkawa da sauransu, a cikinsa suke neman abincinsu. Garin Yauri kansa ya daɗe da yin suna wajen sassaƙar jirage, kuma bikin Rigata da ake yi a can shaida ne na matsayin jirgi a rayuwar mutanen yankin.

To amma tafkin na da tarko. Itatuwa masu yawa sun rage a tsaye lokacin da ruwa ya mamaye ƙasa, kuma kututturansu na nan har yau. Ruwan yana hawa yana sauka da mita da yawa a kowace shekara, saboda ambaliya biyu da ke shigo masa: ta damina, da kuma wadda ke isowa da rani daga tsaunukan ƙasar Gini. Kututturen da jirgi ya wuce ta kansa lafiya a wannan wata, yana iya zama dab da saman ruwa a wata mai zuwa.

Ke nan duk jirgin da zai yi aiki a Kainji, sai ya iya jure duka daga ƙasa, da zafin rana daga sama, da kuma zama cikin ruwa dare da rana.

Mene ne faiba?

Abin da ake kira faiba haɗin abubuwa biyu ne. Na farko zare ne na gilashi, wanda ake narka yashi da farar ƙasa da wasu ma'adinai a jawo shi siriri. Na biyu kuma wata roba ce mai ruwa-ruwa kamar zuma da ake kira rezin, wadda ke daskarewa ta yi tauri idan aka ɗiga mata wani sinadari.

Dabarar haɗa abu mai zare da abu mai danƙo ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Magini ya san cewa ƙasar gini ita kaɗai tsagewa take yi idan ta bushe, ciyawa kuma ita kaɗai ba ta tsayuwa. Amma idan aka kwaɓa su tare, aka bar su suka kwana suka kama juna, sai a sami tubalin da zai ɗauki soro.

A faiba, zaren gilashi shi ne ciyawar, rezin kuma shi ne ƙasar.

An fara ƙera zaren gilashi da yawa a Amurka a shekarun 1930, kuma a 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning domin wannan aiki. A 1942 wani maƙerin jirage mai suna Ray Greene, a birnin Toledo na jihar Ohio, ya haɗa zaren da rezin ya ƙera ɗaya daga cikin jiragen faiba na farko a duniya. Kafin ƙarshen shekarun 1960 ƙananan jiragen shaƙatawa na faiba sun yawaita a Turai da Amurka.

Yadda ake ƙera su bai sauya sosai ba. Ana samun mazubi mai siffar jirgi, a fara shafa masa wani rezin mai launi wanda zai zama fatar waje. Daga nan sai a shimfiɗa tabarmar zare, a jiƙa ta da rezin, a bi ta da rola domin fitar da iska, a sake shimfiɗa wata a kai, har sai an kai kaurin da ake so.

Abin da ya sa zare ke da ƙarfi

Mai karatu zai iya mamakin yadda gilashi, wanda tsakuwa ɗaya ke farfasawa, zai zama abin ƙera jirgi.

Wani injiniya ɗan Ingila, A. A. Griffith, ya warware wannan a shekarar 1920. Ya nuna cewa abin da ke karya gilashi shi ne ƙananan tsage-tsage da ke jikinsa waɗanda ba a gani. Gwargwadon sirantar gilashin, gwargwadon ƙarancin irin waɗannan tsage-tsage, gwargwadon kuma ƙarfinsa.

Zaren da ake sa wa a jirgi ya fi gashin kan mutum siranta sau huɗu ko biyar. Idan aka ja shi ta tsawonsa, ƙarfinsa ya ninka na rezin sau da dama, kuma idan aka kwatanta nauyi da nauyi ya fi ƙarfen gini ƙarfi nesa ba kusa ba.

Sai dai wannan ƙarfi na ja ne kawai. Zare ba ya tsayuwa da kansa, ba ya tare ruwa, kuma idan zarurruka suka goga juna sai su ji wa juna rauni su karye. Hausawa na cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Aikin rezin ke nan: ya ɗaure zarurrukan wuri guda, ya raba tsakaninsu, ya kare su daga ruwa, ya kuma raba musu nauyi.

Wannan aiki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Idan igiyar ruwa ta bugi jirgi, rezin ne ke fara karɓar bugun, sannan ya miƙa shi ga zare. Ba shi da wata hanyar miƙawa sai ta wurin da jikinsa ya manne da jikin zaren.

Misalinsa kamar mai jan guga ne a rijiya. Komai ƙarfin igiya, idan an shafa mata mai, zamewa za ta yi daga hannu, guga ya koma rijiya igiyar ko gezau ba ta yi ba. Haka zare ke zarewa daga cikin rezin idan danƙon da ke tsakaninsu ya yi rauni.

Lissafi na nuna girman wurin da ake magana a kai. Kilo ɗaya na zaren da ake yawan amfani da shi, da za a jera shi baki da baki, zai kai tsawon kilomita kusan 3,000, kuma faɗin fatar jikinsa ya haura murabba'in mita 100. Jirgin da aka sa wa kilo 100 na zare, ke nan, yana ɗauke da mahaɗar zare da roba wadda ta fi filin ƙwallon ƙafa faɗi. Duk inda aka sami giɓi a wannan fili, nan ne matsala za ta fara.

Yadda roba ke kama gilashi

Masana sun ce sharaɗi na farko shi ne jiƙewa. Dole rezin ya malala ya rufe kowane zare ta kowane ɓangare. Wanda ya taɓa zuba ruwa a kan tire mai maiƙo ya ga yadda ruwan ke dunƙulewa ya ƙi shimfiɗuwa. Idan haka ta faru tsakanin rezin da zare, sai a bar ƙananan ramukan iska a cikin jikin jirgi.

Bayan jiƙewa, akwai hanyoyi uku da kamun ke samuwa.

Ta farko ita ce matsewa. Rezin yana ɗan tsukewa idan yana daskarewa, don haka yana rungumar zaren ya matse shi.

Ta biyu ita ce saƙalewa, wato rezin ya shiga cikin ƙananan kwarurruka na jikin abin da aka shafa shi a kai, ya daskare a ciki. Wannan na da amfani sosai a wajen gyara, amma jikin zaren gilashi sumul yake, ba shi da inda za a saƙale.

Ta uku, wadda ta fi kowace ƙarko, ita ce ɗaurin sinadari, inda ƙwayoyin zarra na ɓangarorin biyu ke ƙulla alaƙa kai tsaye. A nan ne aka daɗe ana fama, domin gilashi dangin dutse ne, rezin kuma dangin man fetur. Gilashi yana son ruwa, har ma yakan jawo laima daga iska ya lulluɓe jikinsa da ita. Rezin kuwa ba ya ga maciji da ruwa.

Faiban farko-farko na da ƙarfi idan yana bushe, amma da zarar ya daɗe a ruwa sai ya yi asarar kaso mai yawa na ƙarfinsa. Maganin da aka samo shi ne wani sinadari da ake kira silen, wanda ake iya kwatanta shi da dillali mai hannu biyu. Hannu ɗaya ya dace da gilashi, yana ƙulluwa da shi. Ɗaya hannun ya dace da rezin, yana shiga cikinsa su daskare tare.

Wani masanin sinadarai na kamfanin Dow Corning a Amurka, Edwin Plueddemann, ya shafe shekaru da dama yana bincike a kan wannan sinadari, kuma littafin da ya wallafa a kansa a 1982 ya zama abin dogaro ga masu wannan fanni.

Ana shafa wa zare silen ne tun a masana'anta, a daidai lokacin da ake jawo shi daga tukunyar narki, tare da wasu sinadarai masu hana shi gogewa. Shafen ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da nauyin zaren, amma shi ke raba faiba mai kyau da marar kyau.

Wani abin lura shi ne, silen iri-iri ne. Akwai wanda aka tsara domin rezin na foliyesta, wanda shi ne mafi araha kuma aka fi ƙera jirage da shi, akwai kuma na rezin ɗin ifoksi. Idan aka haɗa zare da rezin ɗin da ba nasa ba, jirgin zai fito da kyan gani, amma hannun dillalin ɗaya bai kama komai ba.

Ruwa, babban abokin gaba

Duk da santsin da jirgin faiba ke da shi, ruwa na ratsa shi sannu a hankali. Ƙwayoyin ruwa ƙanana ne, suna kutsawa ta cikin rezin har su isa ga zare.

Idan suka tarar da ɗauri mai kyau, ɓarnar da za su yi kaɗan ce, kuma tana ɗaukar shekaru. Idan kuwa suka tarar da giɓi, sai su bi jikin zaren kamar yadda kananzir ke bin lagwani, suna kwance ɗaurin suna ƙara gaba.

Akwai kuma wata cuta da masu jiragen faiba a Turai da Amurka suka sha fama da ita a shekarun 1970 da 1980. Ruwan da ya shiga ramin iska yakan narkar da ragowar sinadaran da ba su daskare ba, ya zama ruwa mai kauri. Shi kuma wannan ruwa mai kauri sai ya riƙa jawo ƙarin ruwa daga waje, kamar yadda gishiri ke jawo laima, har wurin ya kumbura ya yi bororo a ƙarƙashin fatar jirgi. Idan aka huda bororon, ruwa mai tsami da wari ke fitowa.

Abin da ya shafi Kainji a nan shi ne, wannan cuta ta fi saurin kama jirgi a ruwan daɗi fiye da ruwan teku, ta kuma fi sauri a ruwa mai ɗumi fiye da mai sanyi. Tafkin Kainji ya haɗa duka biyun. Jirgin da aka tsara domin gaɓar tekun wata ƙasa mai sanyi, wanda ake fitar da shi daga ruwa a ajiye tsawon hunturu, ba lallai ne ya yi irin wannan ƙarko a Yauri ba, inda zai shekara a cikin ruwa.

Don haka ne maƙera ke amfani da rezin mafi inganci, irin su binil-esta, a shimfiɗun waje da ke taɓa ruwa, ko da sun yi amfani da mai araha a ciki.

Zafi da ƙura da laima

Yawancin matsalolin danƙo a rumfar ƙira ake haifar da su, tun jirgi bai taɓa ruwa ba.

Kamfanonin da ke yin rezin suna auna lokacin daskarewarsa ne a kan zafin da ya kai digiri 25. A Yelwa kuwa zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu. A irin wannan yanayi rezin na iya fara kauri kafin ya gama ratsa zare, ma'aikaci kuma bai sami damar bin sa da rola yadda ya kamata ba.

Sinadarin da ke daskarar da shi ana sa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai. Idan aka rage shi fiye da kima domin a sami lokaci, rezin ba zai nuna sosai ba. Idan aka cika shi, sai ya yi zafi ya tsattsage. Wannan aiki ne na awo da ma'auni, ba na kintace da ido ba.

Da damina matsalar laima ce. Tabarmar zaren da aka ajiye a ƙasa ko a ɗaki mai yoyo tana shan danshi, kuma danshin na shiga tsakanin zare da rezin. Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kan shimfiɗar da aka gama kafin a ɗora ta gaba. Shi ma rezin ɗin yana da wa'adi na 'yan watanni, kuma zafi na rage wa'adin.

Akwai kuma batun yawan rezin. Wasu na ɗauka cewa jirgi mai kauri shi ne mai ƙarfi. Amma idan kaurin na rezin ne ba na zare ba, an ƙara nauyi ne kawai da saurin fashewa. A aikin hannu da tabarmar yankakken zare, zaren kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikin jirgi.

Ma'aikatan su ma na fuskantar haɗari. Rezin na foliyesta na fitar da tururin wani sinadari mai suna sitirin, wanda cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi, a shekarar 2018, cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Sinadarin daskarewar kuma na iya makantar da ido idan ya fantsama.

Bayan karo da kututture

Jirgin katako idan ya bugi kututture, ɓarnar a fili take, kuma kafinta a bakin ruwa zai cire katakon ya sa wani. Jirgin faiba na iya bugun kututture ya wuce, a duba a ga ƙarzuwa kawai, alhali a ciki shimfiɗu sun rabu da juna.

Masu duba jirage na gano haka ne ta hanyar ƙwanƙwasa jikin jirgi da kwabo ko ƙaramar guduma. Wuri mai lafiya na ba da sauti mai kaifi, wurin da ya rabu kuma sautinsa a dushe yake kamar na fasasshiyar ƙwarya. Farin tabo a cikin jikin faiba shi ma alama ce ta zaren da rezin bai jiƙa ba, ko wanda ya saki.

Ko bakin karaya ma na ba da labari. Idan aka ga dogayen zarurruka farare fes sun fito kamar gemu, an san danƙon bai kama ba. Idan zarurrukan gajeru ne kuma da rezin manne a jikinsu, kamun ya yi kyau.

Gyara na da nasa ƙa'idojin, domin sabon rezin ba ya narkewa ya haɗe da tsohon da ya riga ya daskare. Saƙalewa kawai yake yi. Don haka sai an fitar da jirgi daga ruwa ya bushe sarai, an kankare wurin da sanfefa har a kai ga lafiyayyen zare, an kuma share ƙura da maiƙo. Masu gyara kan kankare gefen ramin ya yi gangare mai faɗin da ya ninka kaurin jirgin kamar sau 12, domin facin ya sami wurin kamawa. Facin da aka liƙa a kan jiƙaƙƙen jirgi mai man inji ba ya kai ko'ina.

Wata dabara da ake jarrabawa a ƙasashe da dama ita ce lulluɓe tsohon jirgin katako da faiba. Masana na gargaɗi a kan yin haka da rezin na foliyesta, saboda ba ya kama katako da kyau. Katako na kumbura yana tsukewa gwargwadon ruwan da ya sha, faiba kuwa ba ya bin sa. Idan suka rabu, ruwa ya maƙale a tsakani, sai katakon ya riƙa ruɓewa a ɓoye a ƙarƙashin sabuwar riga.

Haka nan rezin ba ya kama irin robar jarka da tankin ruwa, domin jikinta kamar kakin zuma yake. Irin wannan roba narka ta ake yi a haɗa.

Idan danƙo ya yi yawa

Abin mamaki, injiniyoyi ba sa neman danƙon da ya wuce iyaka. Idan zare da rezin suka zama kamar abu guda, tsagewar da ta fara a wuri ɗaya za ta ratsa su gaba ɗaya kai tsaye, kamar yadda take ratsa farantin tangaran.

A shekarar 1964 wasu masana biyu a Ingila, Cook da Gordon, suka nuna cewa idan mahaɗar ta ɗan saki kaɗan a gaban tsagewa, sai tsagewar ta karkace ta bi jikin zare, ƙarfinta ya ƙare a nan. Wannan ne dalilin da ya sa rake da gora ke da wuyar karyewa a gicciye. Abin da ake nema, ke nan, matsakaicin kamu ne: wanda zai miƙa nauyi, ya kuma tare tsagewa.

Wannan ilimi shi ne ginshiƙin manyan masana'antu a yau. Kusan rabin nauyin jikin jirgin sama samfurin Boeing 787, wanda ya fara jigilar fasinjoji a 2011, na irin waɗannan kayan haɗi ne, akasari da zaren kabon. Fukafukan injinan samar da lantarki daga iska su ma da faiba ake yin su.

Haɗarin sakaci kuma ya bayyana a watan Yunin 2023, lokacin da ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya murƙushe a kan hanyarsa ta zuwa ga ɓaraguzan Titanic, mutane biyar suka mutu. Masu bincike a Amurka sun gano cewa shimfiɗun zaren kabon na jikinsa sun riga sun fara rabuwa da juna tun kafin tafiyarsa ta ƙarshe.

Ko rama za ta iya?

Zaren gilashi da rezin duka daga waje ake shigo da akasarinsu, da kuɗin ƙasashen waje. Wannan ya sa masu bincike a jami'o'in Najeriya da na wasu ƙasashe ke gwada zaren tsirrai, ciki har da rama, wadda manoman arewa suka daɗe suna tufka igiya da ita.

A wasu ƙasashe ana amfani da zaren rama a cikin roba wajen yin bangon ƙofar mota ta ciki. Ba shi da nauyi, ga araha.

Sai dai matsalar danƙo ta fi tsanani a nan. Zaren tsiro na shan ruwa ya kumbura, idan ya bushe ya tsuke ya bar giɓi. Ana wanke shi da ruwan soda domin a cire maiƙon jikinsa a kuma sa shi kaushi, wani lokaci a ƙara masa silen. Duk da haka, amfaninsa ya fi yawa a wuraren da ruwa ba ya zama, kamar kujeru da rufi, fiye da ƙasan jirgin fasinja.

Abin da faiba ba zai magance ba

Jirgin faiba ba ya ruɓewa, gara ba ta cin sa, ba shi da tsakanin katakai da ruwa zai bi, kuma rashin nauyinsa na rage shan mai. Ga shi kuma manyan itatuwa irin su maɗaci na ƙara wuyar samu.

Amma akwai abin da ya kamata fasinja ya sani. Akasarin katako na yawo a kan ruwa, don haka jirgin katako ko ya fashe, ana iya samun abin kamawa. Faiba ya fi ruwa nauyi da kusan rabi. Idan jirgin ya cika da ruwa, ƙasa zai yi, sai fa idan an gina masa rufaffun akwatunan iska ko an cusa masa soso na musamman mai hana nutsewa.

Don haka duk hukuma ko ƙungiyar matuƙa da za ta sayi jirgi, akwai tambayoyin da ya kamata ta yi wa maƙeri: wane irin rezin ya yi amfani da shi a waje, ko zaren ya dace da rezin ɗin, shimfiɗa nawa ya sa a ƙasan jirgi inda kututture ke duka, mutum nawa aka ƙayyade masa, kuma ko zai ci gaba da yawo idan ya cika da ruwa.

Akwai kuma batun masu gyara. Jirgin da babu mai iya yi masa faci a Yauri ko Wara, ranar da ya huje ranar ya zama kwanon shan ruwan dabbobi. A New Bussa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa, wadda ta samo asali daga shirin binciken Tafkin Kainji na 1968, da kuma kwalejin tarayya ta koyar da fasahar kamun kifi. Irin waɗannan cibiyoyi na iya zama wurin horar da kafintocin jirage na yankin, waɗanda suka riga suka san ruwan da siffar jirgin da ta dace da shi, domin kada sauyin ya raba su da sana'ar da suka gada.

Dokokin hukumar NIWA sun haramta tafiyar dare da lodin da ya wuce ƙa'ida, sun kuma wajabta sanya rigar kariya. Rahotannin haɗurran da suka auku a tsakanin Shanga da madatsar Kainji na nuna cewa waɗannan abubuwa, tare da kututturan da ke ƙarƙashin ruwa, su ne ke maimaita kansu. Jirgin da aka ƙayyade wa mutum 30, idan aka loda masa 90 da babura da buhunan hatsi, zai kife ko da wane irin abu aka ƙera shi.